Jackson Pollock, Mai Zanen Da Ya Shimfiɗa Aikinsa A Ƙasa

Yau tafiyarmu mai nisa ce, har ƙasar Amurka, don mu ji labarin wani mutum mai suna Jackson Pollock. Ana faɗin sunan kamar Jaksan Polok. Sana'arsa zane da fenti. Shekara 44 kaɗai ya yi a duniya, kuma aikin da ya sa aka san shi bai wuce na shekara huɗu ba. Amma tun daga wancan lokaci ake gardama a kansa. Wasu sun ce gwani ne wanda ya buɗe sabuwar hanya. Wasu kuwa sun ce mashayi ne da ya ɓarar da fenti, masu kuɗi suka saya.

Bari in fara gaya maka abin da za ka gani in an tsai da kai gaban aikinsa. Wani ƙyalle ne mai kauri, faɗinsa ya fi mita 5, tsayinsa ya kusa mita 3, kamar bangon babban ɗaki. Ka duba, babu mutum, babu doki, babu itace, babu gida. Zare-zaren fenti ne kawai, baƙi da fari da ruwan ƙasa, sun hau juna, sun sarƙe kamar sarƙaƙiya. Na san abin da za ka ce: "Ai ko ɗana ya iya wannan!" Ba kai ka fara faɗin haka ba, Amurkawa da yawa sun riga ka. Riƙe maganarka tukuna, za mu komo kanta.

Auta cikin maza biyar

An haifi Pollock ran 28 ga watan Janairu 1912, a wani ƙaramin gari mai suna Cody, cikin jihar Wyoming, can yammacin Amurka. Shi ne auta cikin ƴaƴa maza biyar. Bai cika shekara ba iyayensa suka tashi daga garin, bai kuma sake komawa ba har ya mutu. Ubansa manomi ne wanda noma bai karɓe shi ba. Ya gwada gona a Arizona, ta ci bashi aka sayar. Suka koma Kalifoniya, nan ma haka. Yau suna wannan gari, baɗi suna wancan. Daga baya uban ya bar gida, ya shiga aikin awon filaye da hanyoyi, yana aiko da ɗan abin da ya samu. Uwar ce ta riƙe yaran, ita ce kuma ta so su zama masu aikin fasaha.

Yana ɗan shekara huɗu wani yaro ya sare masa kan yatsan hannun dama da gatari wajen wasa. Yana ɗan shekara 15 ya bi masu awon filaye daji, kusa da babban kwazazzabon nan da ake kira Grand Canyon. A nan, cikin manyan maza, ya fara shan giya. Ka lura da wannan, don giyar nan ba ta sake shi ba.

A lakwal ma bai zauna lafiya ba. An kore shi fiye da sau ɗaya. Abin mamaki kuma, hannunsa bai faɗa da zane ba. Wansa Charles shi ne gwanin gidan, wanda in ya zana fuska sai ka ce za ta yi magana. A 1930 Jackson ya rubuta wa wannan wan nasa wasiƙa, yana kukan cewa zanensa ba shi da kyau, a sandare yake, babu rai a ciki. Duk wanda ya taɓa riƙe alkalami da girmansa, ya ga zuciya ta san abin da take so amma yatsu sun ƙi, ya san irin wannan baƙin ciki.

Duk da haka, cikin shekarar nan ta 1930, yana da shekara 18, ya bi Charles zuwa birnin Niyok. Ya shiga makarantar zane, hannun wani malami mai suna Thomas Hart Benton. Shi Benton manoma yake zanawa, da maƙera, da masu aikin jirgin ƙasa, kowa da siffarsa sosai. Ya so yaron, yana kai shi gida a ba shi abinci. Pollock ya yi shekaru yana kwaikwayonsa. Daga baya ya ce amfanin malamin nan a gare shi, shi ne ya samu abu mai ƙarfi da zai yi wa tawaye.

Lokacin kuwa na wahala ne. A 1929 kasuwar Amurka ta karye, bankuna suka rufe, masana'antu suka sallami ma'aikata. Zuwa 1933, cikin ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aiki. Wa zai sayi zane bai ci abinci ba? Pollock ya yi shara a wata makaranta don ya samu na burodi. Sai a 1935 gwamnatin shugaba Roosevelt ta kafa wani shiri, ta ɗauki masu zane aiki kamar yadda ta ɗauki magina da masu gyaran hanya. Kana kawo zane, ana biyan ka kowane sati. Pollock ya shiga, da shi da mafi yawan waɗanda suka yi suna daga baya. Da yaƙi ya zo aka rufe shirin, tarin zane-zanen nan aka sayar da su a kan sikeli kamar tsumma. Amma mutanen sun rayu, sun san juna, sun kuma samu shekaru suna koyon hannu.

Abin da ya gani kafin ya samu hanyarsa

Babu mai ƙirƙiro abu daga iska. A 1936 Pollock ya yi aiki a wurin wani mai zanen bango ɗan Meziko, David Alfaro Siqueiros, wanda ya buɗe wurin gwaji a Niyok. A nan ya ga ana aiki da fentin mota da na gida, ana zuba shi, ana fesa shi, ana watsa shi. A 1939 aka kawo babban zanen Picasso mai suna Guernica, wanda ya yi a kan wani garin Sifen da jiragen sama suka ragargaza. Pollock ya yi ta zuwa kallonsa, yana sha'awa yana kuma jin haushi, don gani yake duk inda ya nufa Picasso ya riga shi isa. A 1941 kuma ya ga masu magani na ƙabilar Navajo, ƴan asalin ƙasar, sun durƙusa a ƙasa suna zane da rairayi mai launi, suna sakin shi a hankali daga tsakanin yatsu.

Akwai kuma wata tsohuwa mai jikoki, Janet Sobel, wadda aka haifa a Yukuren, ba ta yi makarantar zane ba. Ita ma ta ɗiɗɗiga fenti a kan ƙyalle tun kafin shi, kuma ya ga aikinta. Ba a cika ambatonta ba, shi ya sa na ambace ta.

Cikin shekarun nan giya ta ci ƙarfinsa. In bai sha ba, mutum ne mai kunya, sai ya wuni bai ce uffan ba. In ya sha, sai faɗa da fashe-fashe. A 1938 aka kwantar da shi asibiti wata huɗu. Likitocin ƙwaƙwalwa da suka duba shi bayan haka, ganin magana tana yi masa wuya, suka riƙa karɓar zane-zanensa suna tattaunawa da shi a kansu. Da aka zo ɗaukar sojan yaƙin duniya na biyu, aka ce bai dace ba.

Yaƙin nan kuwa ya juya al'amura. Tun da daɗewa Faris ce uwar masu zane, kowa can yake duba. A 1940 Jamus ta kama Faris, manyan masu zane na Turai suka gudo Niyok. Samarin Amurka suka gan su ido da ido, suna shan shayi, suna tsufa kamar kowa. Tsoro ya ragu.

Mata biyu

In ka cire mata biyu daga labarin nan, da wuya ka ji sunan Pollock. Ta farko Lee Krasner, ita ma mai zane ce, an haife ta a 1908, ƴar Yahudawan da suka yi ƙaura daga ƙasar Rasha. Ta fi shi ilimin sana'ar, ta kuma fi shi sanin mutane. Wajen ƙarshen 1941 aka gayyace su nuna aiki wuri ɗaya. Ta ga sunan da ba ta gane ba, ta nemi ɗakinsa, ta hau ta ƙwanƙwasa. Abin da ta gani jingine da bango ya girgiza ta. Daga ranar ta ɗauki nauyinsa: ita ke kawo masa masu sharhi, ita ke magana a madadinsa, ita ke nemo shi in ya kwana a titi.

Ta biyu Peggy Guggenheim, ƴar masu arziki, mai shagon nuna zane-zane a Niyok. A 1943 aka kawo mata wani aikin Pollock, ta duba ta ce wannan ba zane ba ne. Amma tsohon gwani Piet Mondrian, ɗan Holan, ya daɗe tsaye gabansa, ya ce mata bai ga abin da ya motsa shi kamar wannan ba tun zuwansa Amurka. Nan take ra'ayinta ya juya. Ta yanka wa Pollock dalar Amurka 150 kowane wata, ya bar aikin da yake yi na gadi da share-share a wani gidan adana zane-zane. Ta kuma sa shi ya yi mata babban zane don zauren gidanta, faɗinsa mita 6, tsayinsa kusan mita 2 da rabi. Sunansa Mural, wato zanen bango. An daɗe ana ba da labari wai cikin dare ɗaya ya yi shi. Amma tsakanin 2012 da 2014 masana suka bincika fentin, suka tarar wani ya bushe kafin a ɗora wani. Aikin makonni ne. Mutane sun fi son labarin dare ɗaya, don ya fi daɗin faɗi.

A watan Oktoba 1945 Pollock da Krasner suka yi aure. Ta ga in suka zauna birni, mashaya za ta kashe shi. Suka sayi wani tsohon gida a ƙauyen Springs, a tsibirin Long Island, ƙauyen masunta da manoma, a kan dala 5,000. Guggenheim ta ranta musu 2,000. Gidan babu makewayi a ciki, ga sanyi mai shiga ƙashi. Mota ba su da ita, sai keke. Har akwai lokacin da mai kantin ƙauyen ya karɓi zane a madadin bashin kayan abinci. A bayan gidan akwai wata mangaza ta katako. Pollock ya mai da ita wurin aikinsa. Krasner kuwa ta ɗauki wani ƙaramin ɗaki a sama.

Cikin mangaza

To, yanzu mun iso zuciyar labarin. Tun ɗaruruwan shekaru, mai zane a Turai yakan jingina ƙyallensa tsaye, ya tsaya gabansa, ya tsoma buroshi cikin fenti ya shafa. A 1947 Pollock ya bar wannan duka. Ya warware ƙyallen ya shimfiɗa a ƙasa kamar tabarma. Ya ajiye fentin masu zane mai tsada, ya ɗauko na gwangwani, irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga. Ya tsoma sanda ko busasshen buroshi, ya ɗaga, fentin ya zubo da yauƙi kamar miyar kuɓewa daga ludayi. Sandar ba ta taɓa ƙyallen. A iska yake zanen, fentin ya sauko ya kwanta. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Ba a zaune yake yi ba. Yana zagaya ƙyallen ta ko'ina, ya sunkuya, ya miƙe, ya taka ciki da ƙafa ɗaya, ya wurga hannu tun daga kafaɗa kamar mai yafa iri. In ya yi sauri, zaren ya fito siriri kamar gashi. In ya sassauta, ya yi kauri, ya taru kamar ɗan tafki. In ya karkaɗa, ya zama yayyafi. Ya yi baƙi, ya bari ya sha iska, wani lokaci kwanaki, yana zuwa yana zama yana kallo, sannan ya ɗora fari, sannan ruwan azurfa. Wani aikin nasa na 1947, in ka matsa kusa, za ka ga ƙusoshi da maɓallai da tsabar kuɗi da mabuɗi da guntun taba sigari a binne cikin fentin. A wani na 1948 ya tsoma tafin hannunsa ya manna a gefen sama. Da hunturu mangazar babu wuta babu abin ɗumama ɗaki, sai ya yi aikin ƴan sa'o'i da hasken rana, sanye da tufafi a kan tufafi.

Shi da bakinsa ya bayyana cewa a ƙasa ya fi sakewa, don yana jin kansa a cikin zanen, kuma ya ce hanyar ta yi kusa da ta masu zanen rairayi. Ya kuma daina ba yawancin ayyukansa suna, sai lamba: Lamba 1, Lamba 5, Lamba 31. Dalili, in ka ce wa mutum sunan zanen nan "Doki", zai tsaya neman dokin, ba zai ga fentin ba.

Zane marar siffa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dubi bayan ƙwarya, dubi aikin hula, dubi bangayen tsofaffin gidajen Birni a Damagaram. Ba ka tambayar mai sassaƙa ƙwarya, "Wannan hoton wane ne?" Ka dai ce ya yi kyau ko bai yi ba. Amma ga bambanci. Mai ƙwarya yana da tsari da ya koya wurin na gaba da shi, yana maimaita shi, gefe ya yi daidai da gefe. Pollock ba shi da tsarin da zai maimaita. Babu tsakiya, babu gefe, ko'ina ƙarfinsa ɗaya, idonka ya kama zare ya bi, ya ɓace, ya kama wani. Abin da ya rage a kan ƙyallen sawun motsin jikinsa ne, kamar yadda mafarauci ke duba ƙasa ya san nan barewa ta yi gudu, nan ta tsaya. Shi ya ce a kalli aikinsa yadda ake sauraren kiɗa. Mai goge in ya ja, ba ka cewa me yake nufi. Ko ya taɓa ka, ko bai taɓa ka ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Willem de Kooning, da Mark Rothko mai manyan filayen launi, da Franz Kline mai baƙi da fari, da Barnett Newman, da Norman Lewis, baƙar fata, wanda ya zauna cikinsu amma masu saye suka daɗe suna tsallake shi. Masu sharhi suka haɗa su suka sa musu suna da Ingilishi, Abstract Expressionism, ma'ana zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, sai dai ya fitar da abin da ke cikin zuciya. Pollock ya ce zamanin jirgin sama da rediyo da bam ɗin atom ba zai faɗu da tsohuwar hanya ba.

Yanzu mu komo kan maganarka, cewa ɗanka ma ya iya. Gaskiya ne yaro ya iya ɓarar da fenti. Amma ba shi gwangwani da ƙyalle mai mita 5, ka gani. Launukan za su cakuɗe su zama laka, gefe ɗaya ya yi nauyi, ɗaya ya zama fili. Wuyar aikin ita ce a ɗora zare bisa zare har sau da yawa, amma iska ta riƙa ratsawa, a kuma san lokacin da za a tsaya. Da wata jarida ta kira aikinsa hargitsi a 1950, ya buga mata waya cikin fushi cewa babu wani hargitsi. Sai dai kada in ɓoye maka ɗaya gefen. A 2011 wani shagon sayar da zane a Niyok, wanda ya shekara 165, ya rufe, don an gano ya sayar da jabun ayyuka na miliyoyin daloli, har da masu sunan Pollock. Wani mai zane ne ya yi su a gidansa, kuma sun ruɗi masu kuɗi da wasu masana. Ashe ana iya kwaikwayo. Amma kwaikwayon abin da aka riga aka yi daban, fara shi daban. Shi kansa Pollock bai tsira daga shakka ba. Matarsa ta ba da labari cewa wata rana ya kira ta gaban wani sabon aiki, bai tambaye ta ko ya yi kyau ba, sai ya tambaye ta ko wannan ma zane ne.

Suna da abin da ya jawo

Ran 8 ga watan Agusta 1949 mujallar Life, wadda a lokacin ake buga kimanin miliyon 5 kowane sati, ta fito da hotonsa tsaye gaban wani dogon zane, da taba a baki. Ta yi tambaya: shin wannan ne ya fi kowane mai zane da ke raye a Amurka? Rabin abin ba'a ce. Wasiƙun masu karatu suka yi ta zuwa, mafi yawa na zagi. Amma sunansa ya shiga kowane gida.

Abin da mutane ba su sani ba, a wannan lokaci ba ya shan giya. Wani likitan ƙauyen, wanda Pollock ya yarda da shi don ba ya yi masa wa'azi, ya taimake shi ya daina tun ƙarshen 1948. Shekara biyu cur. Saboda haka masu cewa a buge ya yi manyan ayyukansa sun yi kuskure. A 1950, da idonsa garau, ya yi uku da ake ganin sun fi duka: Lavender Mist, da One, Lamba 31, da Autumn Rhythm, wanda za mu iya kira Kiɗan Kaka. Shi ne na kwatanta maka da farko.

Cikin shekarar nan likitan ya mutu a hatsarin mota. Sai kuma wani mai ɗaukar hoto, Hans Namuth, ya zo ya ɗauki hotuna fiye da 500 na Pollock yana aiki. Bayan haka ya ce a yi silima. Ya sa shi ya yi zane a kan gilashi, shi kuma ya kwanta a ƙasa yana ɗauka. Tsaya nan. Sake. Jira haske. Ka tuna, mutumin nan ya ce ƙarfin aikinsa shi ne daga zuciya yake fitowa, babu shiri. Ga shi yanzu yana wasan kwaikwayon kansa. Ranar da suka gama, cikin sanyin watan Nuwamba 1950, ya shiga gida, ya ɗauko kwalba, ya cika kofi ya shanye. Da aka zauna cin abincin dare da baƙi, ya yi ta cacar baki da Namuth a kan wane ne mayaudari a cikinsu, sannan ya kama teburin ya kifar da shi da duk abin da ke kai.

Kwana kaɗan bayan haka aka buɗe nunin manyan ayyukan nan. Jama'a ta cika shagon, amma cikin manyan ɗaya tak aka saya.

Daga nan sai gangara. A 1951 ya bar launi, ya koma baƙin fenti kaɗai, siffofin mutane da fuskoki suka fara leƙowa. Masu saye ba su so ba, su irin na jiya suke nema. A 1952 ya yi wani babba, Blue Poles, wato Shuɗɗan Sanduna. Bayan haka hannu ya yi ta mutuwa. A 1955 ya yi zanensa na ƙarshe. Sai ya shiga mangaza ya zauna, ya fito bai taɓa komai ba. Ya yi ƙiba, ya bar gemu, yana zuwa mashaya a Niyok, samari suna saya masa giya don su ga ya yi abin da ya saba.

A 1956 ya ɗauko wata budurwa. Krasner, wadda ta jure shekara 14, ta shiga jirgin ruwa ta tafi Turai a watan Yuli don ta huta ta yi tunani. Ran 11 ga watan Agusta, da dare, Pollock ya ɗauki budurwar da wata ƙawarta a motarsa marar rufi, motar da ya samu ta hanyar musaya da zane biyu. A buge yake. Ƙawar ta yi ta kuka tana roƙo ya tsaya ta sauka, ya ƙara wuta. Kusa da gidansa motar ta ƙwace a kan kwana, ta afka cikin itatuwa. Ya mutu nan take. Ƙawar ma ta mutu, tana da shekara 25, ita da ta tsere wa Jamus ta Hitler tana ƙarama. Budurwar ce ta tsira. Littattafai da yawa sukan ba da wannan labari kamar mutuwar jarumi. Ni ban ga jarunta a ciki ba. Yarinyar nan ziyarar kwana biyu ta zo.

Bayan mutuwarsa

Krasner ta komo ta binne shi, aka ɗora wani ƙaton dutse bisa kabarin. Ba su haihu ba, ita ta gaji ayyukan. Ta ƙi sayarwa da araha. A 1957 babban gidan adana kayan tarihi na Niyok, Metropolitan, ya biya dala 30,000 don Kiɗan Kaka, kuɗin da ba a taɓa jin irinsa ba ga sabon zanen Ba'amurke. A 1973 gwamnatin Ostiraliya ta sayi Shuɗɗan Sanduna a kan dalarta miliyon 1 da dubu 300. Ƙasar ta ɗauki zafi, jaridu suka ce an zubar da dukiyar talakawa a kan aikin mashaya. Zanen yana birnin Kanbera, ya zama cikin abubuwan da aka fi zuwa kallo a gidan. A 2006 jaridu suka ba da labarin an sayar da Lamba 5 na 1948 a kan dala miliyon 140. Mutumin da ya biya bashin kanti da zane ke nan.

Siyasa ma ta shiga. Yana raye, wani ɗan majalisar Amurka, George Dondero, ya yi ta ihu cewa irin wannan zane makamin ƴan kwaminis ne. A Mosko kuwa cewa suke ruɓewar ƴan jari hujja ce. Da ya mutu, sai aka ɗauki ayyukansa da na abokansa aka zagaya da su ƙasashen Turai takwas a 1958 da 1959, ana nuna wa duniya irin ƴancin da ke Amurka. A 1967 asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin ƙasar, CIA, tana ba wata babbar ƙungiyar al'adu kuɗi a ɓoye don yaƙin cacar baki da Rasha. Masana tarihi suna gardama a kan iyakar hannunta cikin sha'anin zane. Su masu zanen dai ba a shawarce su ba, da yawansu ma masu ra'ayin talakawa ne tun zamanin yunwar 1930.

Krasner ta ƙara shekara 28 a duniya. Ta bar ƙaramin ɗakin nan na sama ta koma mangaza, ta kafa ƙyallenta a bango, ta yi manyan ayyuka irin waɗanda da ba ta da wurin yin su. Sai da ta tsufa aka fara kiranta da sunanta, ba matar Pollock ba. Ta mutu a 1984. Da dukiyar da ta bari aka kafa gidauniya a 1985, mai taimakon masu zane mabukata a ƙasashe da yawa. An binne ta kusa da shi, dutsenta ƙarami ne, a gaban nasa.

Gidan nasu ya zama wurin ziyara. Tun 1953 Pollock ya rufe daɓen mangazar da wasu allunan katako. Da aka zo gyara wurin bayan mutuwar Krasner, aka ɗaga allunan, sai ga tsohon daɓen cike da fenti, duk wanda ya zarce bakin ƙyalle tun 1947. Masana suna iya nuna maka inda Kiɗan Kaka ya kwanta, da inda Shuɗɗan Sanduna ya kwanta, har da sawun ƙafarsa. Mai ziyara yakan tuɓe takalmansa a ƙofa, a ba shi wasu masu taushi ya sa kafin ya taka. In ya duba ƙasa, fentin mijin ne. In ya ɗaga kai ya dubi bango, na matar ne.